Ƙananan Tallafin Bincike na Jami'o'i da Yadda Suke Kai Ilimin Likitanci Ɗakin Shan Magani na Ƙauye

Gabatarwa

Kamar yadda mazauna karkara suka sani, lokaci-lokaci akan ga baƙi sun shigo gari ɗauke da takardu, su fara sauka a ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa, su bayyana cewa daga jami'a suke, sun zo gudanar da bincike a kan harkar kiwon lafiya. Sukan zauna da ungozomomi, su duba littafin rajista na ɗakin shan magani, sannan su bi gida-gida suna yi wa matan aure tambayoyi. Bayan 'yan watanni sai a neme su a rasa. Jama'a da dama sukan tambayi junansu: wane ne ya aiko mutanen nan, wa ya biya kuɗin zuwansu, kuma wane amfani garinmu zai samu?

Waɗannan tambayoyi suna kan hanya, kuma sun cancanci amsa. A cikin wannan bayani za mu yi ƙoƙarin fayyace wani nau'in bincike da ake kira binciken aiwatarwa, da irin ƙananan kuɗaɗen tallafi da jami'o'i ke bai wa malamansu domin gudanar da shi. Haka nan za mu kawo misalai daga ƙasarmu, mu bayyana haƙƙin da jama'a suke da shi a kan masu bincike, tare da rawar da ta kamata shugabannin ƙananan hukumomi, da hakimai, da dagatai, da kwamitocin raya mazaɓu su taka.

Tazarar da ke tsakanin sani da aiki

Mutane da yawa suna zaton cewa da zarar masana sun gano maganin wata cuta, to magana ta ƙare. Tarihi ya nuna akasin haka. A shekarar 1747, wani likitan jiragen ruwan yaƙi na Birtaniya mai suna James Lind ya gwada hanyoyin magani iri shida a kan matuƙan jirgi 12 da ke fama da wata cuta mai kumbura dasashi da zubar da haƙora, wadda rashin sinadarin bitamin C ke haddasawa. Mutum biyu da aka bai wa lemun zaƙi da lemun tsami su ne suka murmure cikin 'yan kwanaki. Ya buga sakamakon a 1753, amma sai a 1795 rundunar ruwan ƙasar ta fara rarraba ruwan lemun tsami ga sojojinta baki ɗaya. Shekara 48 ke nan bayan gwajin, kuma a tsawon wannan lokaci matuƙa jirgi masu yawa sun rasa rayukansu alhali maganin yana nan a kasuwa.

A zamaninmu ma tazarar ba ta gushe ba. A shekarar 2000 wasu masana biyu a Amurka suka yi ƙiyasin cewa akan ɗauki kimanin shekara 17 kafin sakamakon binciken likitanci ya zama abin da ake aiki da shi yau da kullum a asibitoci, kuma wani ɗan kaso ne kawai na sakamakon yake kaiwa ga haka. Idan haka lamarin yake a ƙasar da ke da wadatar likitoci da kayan aiki, to mai karatu zai iya auna yadda zai kasance a ƙauyen da ke da ma'aikacin lafiya ɗaya tal, ga nisa da gari, ga hanya mai yankewa da damina.

Wannan tazara tana cin rayuka. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2018 ya nuna cewa a Nijeriya mata 512 ne suke rasuwa sanadiyyar ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, sannan yara 132 a cikin 1,000 ba su kai shekara biyar a duniya. Binciken ya kuma nuna cewa a shiyyar Arewa maso Yamma kimanin kashi 16 cikin 100 na haihuwa ne kaɗai ake yi a asibiti. Yawancin abubuwan da ke kashe waɗannan mata da yara, irin su zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, an daɗe da sanin maganinsu, kuma maganin ba mai tsada ba ne. Abin da ya rage shi ne yadda za a kai shi hannun mai buƙata, a kan lokaci, ta hanyar da zai karɓa ya yi amfani da shi daidai.

Mene ne binciken aiwatarwa?

Binciken aiwatarwa shi ne binciken da ke nazarin hanyoyin da za a bi wani magani, ko wata dabara da aka riga aka tabbatar da ingancinta, ta zauna da gindinta a cikin aikin yau da kullum na asibitoci da gidajen jama'a. Ya bambanta da gwajin sabon magani. Mai gwajin sabon magani yana tambaya ne ko maganin yana warkarwa, ko kuma yana da illa. Shi kuwa mai binciken aiwatarwa ya tarar an riga an amsa wannan tambaya, don haka tambayoyinsa na daban ne. Me ya sa maganin yake ƙarewa a ɗakin shan magani alhali yana jibge a ma'ajiyar jiha? Me ya sa uwa take ba yaro ƙwayar rana ta farko ta ajiye ta rana ta biyu da ta uku? Wane ne a cikin gida yake yanke shawarar a kai mai naƙuda asibiti, kuma da wa ya kamata a yi magana? Shin horon kwana uku ya ishi ma'aikaci, ko sai an riƙa bin sa ana duba aikinsa?

Irin waɗannan tambayoyi ba a amsa su a ɗakin gwaje-gwaje. Sai an shiga gari, an zauna da mutane, an duba takardun asibiti, an gwada wata hanya a mazaɓa ɗaya an kwatanta ta da wata. Amsar da ta dace da wani gari kuwa ba lallai ne ta dace da maƙwabcinsa ba, domin hanyoyi, da sana'o'i, da al'adu sun sha bamban. Wannan ne ya sa ake buƙatar bincike ƙanana masu yawa, waɗanda 'yan ƙasa da suka san harshe da ɗabi'un jama'a za su gudanar.

Ƙananan tallafi da inda suke fitowa

Ƙaramin tallafin bincike kuɗi ne ƙayyadadde da ake bai wa malamin jami'a ko wani rukunin malamai, domin su amsa tambaya guda ɗaya a cikin ɗan lokaci, galibi shekara ɗaya. Ba albashi ba ne, ba kuma kyauta ba ce. Akan kashe shi ne wajen sufuri, da buga takardun tambayoyi, da alawus na masu tattara bayanai, da horar da ma'aikata, da tarukan tuntuɓar jama'a, kuma wajibi ne a kawo bayanin yadda aka kashe kowane kwabo.

A Nijeriya, babbar kafar irin wannan tallafi ga manyan makarantun gwamnati ita ce Asusun Tallafa wa Ilimi Mai Zurfi, wato TETFund. Asusun ya samo asali ne daga dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu, sannan dokar 2011 ta mayar da shi na manyan makarantu kaɗai: jami'o'i, da kwalejojin kimiyya da fasaha, da kwalejojin ilimi. Asusun yana da tsari biyu na tallafin bincike. Akwai babban asusun bincike na ƙasa, inda malamai daga ko'ina suke gasa a kan manyan ayyuka. Akwai kuma ƙaramin tallafi da ake bayarwa ta hannun kowace makaranta, inda kwamitin bincike na makarantar yake tantance buƙatun malamansa kafin ya miƙa su ga asusun. A shekarun da suka biyo bayan dokar 2011, iyakar wannan ƙaramin tallafi naira miliyan 2 ne ga kowane aiki.

A matakin duniya, akwai shirin bincike da horarwa a kan cututtukan ƙasashe masu zafi, wanda aka fi sani da TDR. An kafa shi a 1975, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ce take riƙe da shi tare da haɗin gwiwar Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar, da Bankin Duniya. Shirin ya daɗe yana bayar da ƙananan tallafi na binciken aiwatarwa ta hannun ofisoshin shiyya na Hukumar Lafiya, ciki har da na Afirka. A Amurka kuwa, Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa sun ƙaddamar da wani shiri a 2006 wanda ya kai ga tallafa wa manyan cibiyoyin koyar da likitanci kimanin 60, kuma su waɗannan cibiyoyi sukan yanki wani kaso su rarraba wa malamansu a matsayin tallafin somin taɓi. Wasu daga cikinsu sukan gindaya sharaɗin cewa sai malami ya zo da abokin aiki daga cikin al'umma, kamar asibitin unguwa ko wata ƙungiyar jama'a, kafin a duba buƙatarsa.

Hikimar da ke cikin wannan tsari a bayyane take. Manyan masu bayar da tallafi ba su cika sakin kuɗi mai yawa ba sai sun ga shaidar farko cewa dabarar za ta yiwu. Ƙaramin tallafi shi ne yake samar da wannan shaida. Idan dabarar ta gaza, asarar kaɗan ce, an kuma koyi darasi. Idan ta yi nasara, sai a sami abin nunawa ga ma'aikatar lafiya da majalisar dokoki da masu tallafi daga waje. Bugu da ƙari, ta wannan hanya ce ƙananan malamai da ɗaliban manyan digiri suke koyon aikin, kamar yadda ɗan koyo yake fara ƙira da lauje kafin a ba shi garma.

Matakan da aiki ke bi

Da farko jami'a ko asusun tallafi yakan fitar da sanarwar neman buƙatu. Malami sai ya rubuta takarda da ke bayyana matsalar, da abin da aka riga aka sani a kanta, da tambayar da yake son amsawa, da wurin da zai yi aikin, da yadda zai auna sakamako, da kuma ƙiyasin kuɗi. Wasu malamai 'yan'uwansa su ne suke duba takardar su ba ta maki. Idan ta tsallake, dole ne ta je gaban kwamitin ɗa'ar bincike, wanda aikinsa shi ne tabbatar da cewa ba za a cutar da kowa ba. Bayan haka sai a nemi izinin ma'aikatar lafiya ko hukumar lafiya matakin farko ta jiha, da ƙaramar hukuma, da masarauta.

Akan saki kuɗin ne kashi-kashi, ba a biyan na gaba sai an kawo rahoton na baya. A ƙarshe mai bincike zai rubuta cikakken rahoto, ya buga shi a mujallar masana. Mataki na ƙarshe, wanda sau da yawa ake sakaci da shi, shi ne komawa garin da aka yi aikin a tara jama'a a faɗa musu abin da aka gano cikin harshen da suke ji.

Misali na farko: jijjiga a asibitocin Kano

Jijjigar masu ciki, wadda hawan jini yake haifarwa a ƙarshen goyon ciki ko lokacin naƙuda, tana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a Arewa. Tun a 1995 wani babban gwaji na ƙasashe da dama ya tabbatar da cewa allurar magnesiyam salfet ta fi diyazefam hana jijjiga sake dawowa. A 2002 wani gwajin da ya ƙunshi mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33 ya nuna cewa allurar tana rage haɗarin kamuwa da jijjiga da fiye da rabi ga matan da ke da alamominta. Duk da haka, shekaru bayan nan asibitoci da yawa a ƙasarmu sun ci gaba da amfani da diyazefam, saboda rashin allurar a ma'ajiya, da rashin horo, da kuma tsoron da ma'aikata suke yi cewa tana da haɗari.

A shekarar 2008 aka fara wani aiki a manyan asibitoci 10 na Jihar Kano, da haɗin gwiwar ƙungiyar Population Council, da ma'aikatar lafiya ta jihar, da likitocin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aka horar da likitoci da ma'aikatan karɓar haihuwa, su kuma suka koma suka horar da abokan aikinsu. Aka tanadi allurar, aka rubuta ƙa'idar yin ta a sauƙaƙe, aka koya wa ma'aikata yadda za su gane alamun ta yi yawa a jiki ba tare da dogaro da ɗakin gwaji ba. Kafin aikin, kashi 20.9 cikin 100 na matan da aka kawo da jijjiga suna rasuwa. A cikin shekara ɗaya adadin ya sauko zuwa kashi 2.3. Ganin haka gwamnatin jihar ta karɓi sayen allurar ta kuma faɗaɗa shirin zuwa sauran asibitocinta. Babu wani sabon magani da aka ƙirƙiro a nan. An dai gano abubuwan da suka tare hanya ne aka kawar da su ɗaya bayan ɗaya.

Misali na biyu: zubar jini a ƙauyukan Zariya

Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Maganin da ya fi inganci wajen hana shi allurar oksitosin ce, amma tana buƙatar sanyi da kuma ma'aikacin da zai yi ta, alhali mafi yawan mata a karkara a gida suke haihuwa. Akwai ƙwayar misofurostol wadda ake haɗiya, ba ta kuma buƙatar firiji. Hukumar NAFDAC ta yi mata rajista domin wannan aiki a 2006. Tambayar da ta rage ita ce: shin za a iya ajiye ta a cikin gari, mata su sha ta a daidai lokacin da ya kamata, ba tare da kuskure ba? Kuskuren kuwa yana da haɗari, domin ba a shan ta sai bayan jariri ya fito.

A shekarar 2009 malaman Jami'ar Ahmadu Bello, tare da takwarorinsu na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka, suka gwada hakan a garuruwa biyar na kewayen Zariya. Kafin a fara, an yi zaman tattaunawa da shugabanni da magidanta da mata. Jama'a da kansu suka zaɓi amintattun mutanen da za su riƙe maganin, aka horar da ungozomomi, aka yi amfani da kaset-kaset na Hausa wajen wayar da kai. Domin a sauƙaƙa gane jinin da ya wuce kima, sai aka yi amfani da moɗa, wadda kowace mace ta san girmanta, a matsayin ma'auni: idan jini ya kai cikin moɗa, wato kimanin rabin lita, to a gaggauta neman taimako. Kimanin kashi 79 cikin 100 na matan da suka haihu a gida a lokacin aikin sun sha ƙwayar, kuma kusan dukkansu sun sha ta daidai. Wannan sakamako ya taimaka wajen amincewa da rarraba maganin a cikin al'umma a matakin tarayya. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar da shawarar cewa ma'aikatan lafiya na al'umma za su iya ba da shi a inda babu ƙwararren mai karɓar haihuwa, sannan a 2013 Jihar Sakkwato ta fara rarraba shi a mazaɓunta tare da man kuloheksidin na shafa wa cibiyar jarirai.

Aikin bai tsaya nan ba. A 2023 aka buga sakamakon wani babban bincike da aka gudanar a asibitoci 80 na Nijeriya, da Kenya, da Tanzaniya, da Afirka ta Kudu, wanda ya ƙunshi mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. An yi amfani da wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa domin a gane yawan jini da wuri, sannan a haɗa magunguna a ba da su lokaci guda maimakon a jira ɗaya ya gaza kafin a gwada wani. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abubuwan da take jawowa da kashi 60 cikin 100.

Misali na uku: makantar bakin kogi

Tun a 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da ƙwayar aibamektin kyauta domin yaƙi da cutar makanta da wani ɗan baƙin ƙuda na bakin kogi yake yaɗawa. Magani ya samu, amma yaya za a kai shi dubban ƙauyuka kowace shekara har tsawon shekaru masu yawa? A tsakiyar shekarun 1990 shirin TDR ya ɗauki nauyin bincike a ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Nijeriya, inda aka kwatanta tsarin da ma'aikata suka shimfiɗa da tsarin da mutanen gari suka tsara wa kansu. Sai aka tarar cewa inda jama'a suka zaɓi masu rabon maganin, suka sa rana da wuri, an fi kaiwa ga mutane. Daga nan tsarin ya bazu a nahiyar. Mai rabo ba ya buƙatar sikeli, sanda ce mai zane ake jingina mutum da ita a auna tsawonsa a san yawan ƙwayar da za a ba shi. A 2018 aka bayyana cewa an katse yaɗuwar cutar a jihohin Filato da Nasarawa.

Waɗannan ayyuka uku sun sami gudummawa daga waje, wasunsu ma manya ne. Mun kawo su ne domin a ga irin tambayoyin da binciken aiwatarwa yake amsawa, kuma kowace irin wannan tambaya tana da ƙanwarta a matakin mazaɓa, wadda ƙaramin tallafi zai iya ɗauka. Misali, tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kowane wata a lokacin damina, aka kuma fara shi a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina a 2013. Mai rabo yakan ba da na rana ta farko a gabansa, ya bar wa uwa na kwana biyu. Gano dalilin da ke sa wasu gidaje ba su kammala shan maganin, da gwada hanyar tunatar da su, aiki ne da malami ɗaya da ɗalibansa za su iya yi a damina ɗaya.

Haƙƙin jama'a a kan masu bincike

Ba za mu yi wannan bayani ba tare da tuna abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda aka yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200. Iyaye sun yi ƙorafin cewa ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya musanta, aka shafe shekaru ana shari'a kafin a yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Raunin da wannan ya yi wa amana yana daga cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin karɓar rigakafin shan inna a 2003 da 2004, abin da ya sa cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka shiga lamarin gadan-gadan kafin aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya, a ƙarƙashin kwamitin ƙasa da ke kula da wannan fanni, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara masa ƙarfi. Bisa waɗannan ƙa'idoji, muna jan hankalin jama'a ga abubuwa kamar haka:

Na ɗaya, kowane bincike dole ne ya kasance da takardar amincewar kwamitin ɗa'a, kuma shugaban gari yana da damar ya nemi a nuna masa ita.

Na biyu, wajibi ne a yi wa mutum bayani cikin harshen da yake ji: me za a yi, don me, wane amfani, wane haɗari.

Na uku, izinin dagaci ko na maigida ba ya maye gurbin yardar mutumin da za a yi wa tambaya ko a ba shi magani. Game da yara kuwa, sai da yardar iyaye.

Na huɗu, mutum yana da ikon ya ƙi shiga, ko ya janye a tsakiyar aiki, kuma ba za a hana shi magani a asibiti saboda haka ba.

Na biyar, sirrin mutum amana ce, ba a bayyana sunansa a rahoto.

Rawar shugabanni a matakin ƙaramar hukuma

Shugabanni ba masu sa hannu a takardar izini ba ne kawai. Shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da mai kula da ɗakin shan magani, da 'yan kwamitin raya mazaɓa su ne suka fi kowa sanin inda gizo ke saƙa. Saboda haka muna ba da shawarar su riƙa rubuta matsalolin da suke ta maimaituwa, kamar matan da ke zuwa awon ciki sau ɗaya ba su dawo ba, ko yaran da ke fara rigakafi ba su kammala ba, su kai su sashen lafiyar al'umma na jami'a ko asibitin koyarwa mafi kusa. Malamai da ɗalibai a kullum suna neman batun da za su yi bincike a kai, kuma buƙatar da ta zo da takardar goyon baya daga ƙaramar hukuma ta fi samun karɓuwa a wurin masu tantancewa.

Idan kuma masu bincike ne suka zo, ya kamata tun a zaman farko a tambaye su: wace matsala tamu aikin nan zai warware? Su wa za a ɗauka aiki daga cikin 'ya'yan gari? Yaushe za a dawo a faɗa mana sakamako? Idan dabarar ta yi amfani, nawa za ta ci a shekara, kuma wa zai ci gaba da ita bayan kuɗin tallafi ya ƙare? Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin tallafin shekara ɗaya ba ya riƙe asibiti. Abin da ya sa aikin Kano ya ɗore shi ne shigar da sayen allurar cikin kasafin kuɗi. Haka nan ya kamata a kula da littattafan rajista, a riƙa cika su da gaskiya, domin da su ake gane ko an ci gaba ko an koma baya. Lambar da aka ƙara don a faranta wa shugaba rai takan ɓatar da mai bincike, ta kuma ɓatar da mai tsara kasafi.

Iyakar wannan tsari

Wajibi ne mu faɗi cewa ƙaramin tallafi yana da iyaka. Bincike a mazaɓa ɗaya ko biyu ba ya isa a yanke hukunci a kan jiha baki ɗaya, sai an sake gwadawa a wasu wurare. Hauhawar farashi takan cinye darajar kuɗin kafin a sake su, jinkirin biya kuma yakan sa damina ta wuce ba a fara aikin da ya danganci damina ba. Akwai kuma malaman da burinsu ya tsaya ga buga takarda don samun ƙarin girma, rahoton ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Har ila yau bincike ba ya gyara hanya, ba ya ɗaukar ma'aikata, ba ya biyan albashi. Abin da yake yi shi ne nuna wa masu riƙe da kasafi inda naira ɗaya za ta fi ceton rai.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa da yawa daga cikin matan da muke rasawa wajen haihuwa, da yaran da zazzaɓi da gudawa suke ɗaukewa, maganinsu sananne ne tun shekaru masu yawa. Abin da ya faru a asibitocin Kano da ƙauyukan Zariya ya nuna cewa idan masana suka sauko suka zauna da jama'a, jama'a kuma suka karɓi aikin a matsayin nasu, hukuma ta sa shi a kasafi, ana samun canji cikin ɗan lokaci. Don haka muna kira ga hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da kansiloli, da ma'aikatan lafiya, da ƙungiyoyin mata da na matasa, da su karɓi masu binciken da suka zo da takardunsu cikakku, su yi musu tambayoyin da muka zayyana, su kuma riƙe su a kan alkawarin dawowa da sakamako. Waɗanda kuma suke da wata matsalar lafiya da ta addabi yankinsu, to su rubuta ta, su miƙa ta ga sashen lafiya na ƙaramar hukumarsu domin a isar da ita ga jami'a.